Ranar Litinin ƙofata a rufe take

Na girma a gidan da ba a taɓa auna tuwo daidai da bakunan gida ba. Baba katikis ne, yana zaga ƙauyukan da ke kewaye da Zariya da kekensa, mu kuma muna zaune a Wusasa, ba nisa da tsohon cocin Bartalamawus da aka gina da ƙasa a 1929, lokacin da mishan ta baro cikin birni ta dawo nan. Kowane dare Mama takan kwashe malmala biyu ko uku ta rufe da faifai ta ajiye gefe. Ba na kowa ba ne, na wanda Allah zai jefo ne. Kuma yakan jefo: masu jinya da suka kawo mara lafiya asibiti ba su da masauki, ɗaliban makarantar tauhidi da guzuri ya yanke musu, dangin Baba Musulmi da suka shigo cin kasuwa dare ya yi musu. Akwai buta da buzu a zaurenmu, na Baffa ne, wan Baba. In lokacin salla ya yi, ko tsakiyar magana ake, sai ya miƙe, Baba kuma ya yi shiru har ya idar. Mu ma muna da namu lokutan. Da asuba kafin a sha koko, da dare kafin a kashe fitila, Baba yakan buɗe littafin addu'a na Angalikan wanda bangonsa ya tsufa har Mama ta ɗinke shi da ƙyalle, ya karanta Zabura, mu amsa da barci a idonmu.

A 2004 na tafi Ingila aikin jinya. Bayan shekara ɗaya maigidana da yaranmu biyu suka biyo ni, muka kama gida mai ɗaki uku a Plumstead, kudu maso gabashin Landan. 'Yan Najeriya a unguwar ba a magana, sai dai yawancinsu Yarbawa ne da Ibo, mai jin Hausa kuwa sai an tona. Shi ya sa lambar wayata ta zaga. Ɗalibi daga Jos, matar wani fasto daga Kafanchan da ta zo ganin likita, ƙanin abokin mijin ƙawata, duk wanda ya sauka filin jirgi ba shi da kowa, gidana za a kwatanta masa. Ina jin daɗin haka, kuma gaskiya ina jin kai da shi. In aka ce gidan Anti ba a rufe shi, sai in ji na gaji Mama.

Maigidana ya rasu a 2016, bugun zuciya, ba jinya ba sallama. Bayan zaman makoki baƙi ba su ragu ba, hannun da ke taya ni ne ya ragu. Ina aikin dare na awa goma sha biyu, in dawo in ɗora tukunya. Wani bawan Allah da ya zo zai yi mako biyu yana cikin watansa na takwas a ɗakin ɗana, wata kuma da goyonta a ɗakin 'yata. Wata safiya na dawo daga aiki, na tsayar da mota a ƙofar gida, na kasa fita. Awa guda cur ina zaune ina kallon ƙofata kamar ta wani. Da na shiga sai na tarar da 'yata a kan matattakala da littattafanta, jarrabawa saura mako uku, nan ne kaɗai wurin da ba kowa. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, “Mama, gidan nan na kowa ne ban da mu.”

Addu'a ma ta bushe mini a lokacin. Ni da ake ba wa addu'ar buɗewa a taron Zumuntar Mata, in yi minti goma ban maimaita kalma ba, sai ga shi in na durƙusa ba na iya haɗa kalma uku. Na gwada raya dare, na gwada azumi, na dawo a gajiye kawai. Limamiyar cocinmu (a Ingila mata na limanci tun 1994, abin da ya ɗauke ni shekaru kafin na saba) ta saurare ni ba ta yi mini wa'azi ba. Ta rubuta suna a takarda ta miƙo mini: Hilfield. Ta ce gidan 'yan zuhudu ne a Dorset, in je in yi kwana huɗu. Na ce mata ni ba Katolika ba ce. Ta yi dariya ta ce su ma haka.

Ban taɓa sanin Angalikan na da masu zaman zuhudu ba. Daga baya na karanta cewa Sarki Henri na Takwas ya rufe dukan gidajensu tsakanin 1536 da 1540, ya kwashe dukiyarsu, abin ya mutu har shekara ɗari uku. A 1841 wata mace a Oxford, Marian Hughes, ta ɗauki alkawarin wannan zama, ita ce ta fara. A 1866 kuma Richard Benson ya kafa ƙungiyar maza ta farko da ta ɗore, a Cowley. Hilfield ta zo daga baya, a 1921, a wata gona da aka ba wani mai suna Ɗan'uwa Giles don ya sauki mutanen da ke yawo a kan hanyoyin Ingila ba aiki ba gida, da yawansu sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ɗan'uwa Douglas ya gaje shi. Daga wannan gona ƙungiyar Faransis na Asisi ta Angalikan ta tsiro. Sunan bai zame mini baƙo ba, don makarantar tauhidin Wusasa sunansa take ɗauke da shi, amma ban taɓa tambayar ko wane ne shi ba. Ashe wani mai zuhudu ne ɗan Italiya na zamanin dā.

A watan Oktoba na 2017 na hau jirgin ƙasa daga Waterloo na sauka Sherborne, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna, daga nan mota ta bi da ni wasu siraran hanyoyi da in biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya. Na zaci zan ga katanga da ƙaton gini. Sai na ga gidajen gona a gefen tudu, kaji, tumaki, itacen hura wuta a jibge, da wani tsoho cikin doguwar riga ruwan ƙasa yana tura baro. Ya yi ɗamara da farar igiya mai ƙulli uku, na talauci, na zama ba aure, na biyayya. Ba su kaɗai ke zaune a wurin ba. Akwai maza da mata da ba su ɗauki alkawari ba, har da masu iyali, wasu na shekara guda, wasu sun daɗe, duka tebur ɗaya, ɗakin sujada ɗaya.

Ƙararrawa ce ke mulkin gidan. Da safe wajen bakwai, da tsakar rana tare da Jibin Ubangiji, da yamma wajen biyar, sai ta dare kafin a kwanta, bayanta kuma ba magana sai gari ya waye. Ranar farko ina tsaye da wata mata a lambu tana nuna mini yadda suke haɗa taki, ƙararrawa ta buga, ta aje cebur a inda yake, maganar da ke bakinta ma ba ta ƙarasa ba, ta nufi ɗakin sujada. Baffa ne ya faɗo mini a rai.

A ciki kujeru suna fuskantar juna, ɓangare ɗaya ya karanta aya, ɗayan ya amsa. A tsakiyar kowace aya sukan tsaya, tsayawa mai tsawo, kamar an manta. Ni ban sani ba, na saba da karatun cocinmu na wanda ya riga ya riga, sai na kutsa ni kaɗai da muryata ta Zumuntar Mata a cikin shirun. Ba wanda ya waiwaya. Sau uku ina yin haka kafin na gane numfashi ake ja tare. Ba wanda ya ce in yi addu'a, ba wanda ya ce in ba da shaida, ba wanda ya tambayi ko na ji an taɓa ni. Kalmomin suna nan a rubuce, ko kana da ƙarfi ko ba ka da shi. Safiya ta uku aka karanta Zabura ta 88, wadda ba ta ƙare da yabo ba, ta ƙare da cewa an raba mai ita da masoyi da aboki, duhu ne ya rage masa abokin zama. Aka karanta ta a hankali, aka ce ɗaukaka ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, aka zauna. Ba wanda ya yi ƙoƙarin gyara ta. Tun rasuwar maigidana ban yi kuka a gaban mutane ba, don ni ce mai rarrashin masu zuwa gaisuwa. Ranar na yi, wanda ke gefena ya turo mini hankici idonsa na kan littafi.

Can kuma na gane wani abu da ya sa na ji kunyar jahilcina. Wannan tsari na addu'a ai na san shi. Masu zuhudu na dā sukan taru sau bakwai da rana, sau ɗaya cikin dare. Da Thomas Cranmer, Akbishop na Kantabori, ya shirya littafin addu'a a 1549, sai ya naɗe waɗannan lokuta ya mai da su biyu, safe da yamma, ya raba Zabura 150 a kan kwanakin wata, don manomi da mai sana'a su iya. Ashe abin da Baba ke karanta mana da asuba a Wusasa ragowar addu'ar waɗannan mutane ce, ta bi ta hannun Likita Miller, ɗan mishan da ya yi aiki a Zariya, da abokan aikinsa ta zama Hausa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne zama baƙuwa. Na shiga kicin na naɗe hannun riga, na fara nuna musu yadda ya kamata a yi. Mai girkin ranar ya gode mini, ya ba ni wuƙa da kwandon tuffa ya ce in fere, shi ke nan aikina. A tebur na zauna tsakanin wata tsohuwar malamar jami'a da wani da ya gaya mini da bakinsa watansa huɗu rabonsa da giya. Miyar ganye ce da burodin da suka gasa, ba barkono ko na magani. Ba wanda ya tambaye ni aikina ko abin da ya kawo ni. Ni da ke ganin na san baƙunci, ban taɓa barin baƙo ya ci abincina ba tare da ya biya ni da labarinsa ba.

Da na je shirin tafiyar an gaya mini ba sa karɓar baƙi ranar Litinin, abin ya tsaya mini a rai. Ranar da zan tafi na sami tsohon nan mai baro yana shan shayi, na ce, “Ɗan'uwa, ku kuke cewa baƙo Almasihu ne. To ranar Litinin a ina Almasihu zai kwana?” Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, “In ba mu rufe Litinin ba, da kin zo Talata ba ki tarar da kowa ba.” Sannan ya ce su ba ƙa'idar Benedik suke bi ba, amma in karanta babi na 53 nata har ƙarshe, don mutane a layin farko suke tsayawa, inda aka ce a karɓi kowane baƙo kamar Almasihu. Na karanta a jirgi. Benedik, wanda ya rubuta wa mutanensa a Italiya wajen shekara 1500 da suka wuce, a cikin wannan babin ya ce a ware wa baƙi madafa daban, don masu isowa a kowane lokaci kada su hargitsa 'yan'uwa, a kuma sa mutum biyu su riƙe ta shekara guda, in aiki ya yi musu yawa a ƙara musu mataimaka. Mutumin ya san baƙi.

Da na dawo na zaunar da baƙon wata takwas na ba shi wata ɗaya. Bakina na rawa na faɗa. Ya tafi ba sallama, magana kuma ta zaga har gida cewa Ingila ta cinye ni. Na yi makonni ina jin kamar na yi sata.

Taron ranar Alhamis ne ya fara. Na gayyaci mutum uku daga coci: wata gwauruwa 'yar Jamaika, da wasu mata da miji Turawa da suka yi ritaya. Muka ci shinkafa da wake, ƙarfe takwas da rabi na kashe lantarki na kunna kyandir, muka karanta addu'ar dare daga takardun da na buga a wurin aiki. Minti goma sha biyar ce. Furta zunubi, Zabura ta 4 ko ta 91 ko ta 134, 'yar gajeriyar aya, waƙar tsoho Saminu da ya rungumi jariri Yesu a Haikali ya ce yanzu a sallame shi lafiya, sai albarka. Mijin Baturiyar ne ya ba mu labarin Little Gidding, inda a 1626 Nicholas Ferrar da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa da 'ya'yansu, mutum wajen talatin, suka koma wani ƙauye suka tsara gidansu a kan lokutan addu'a, suna karance Zabura duka kowace rana, suna ciyar da matalauta, ba riga ba alkawari, iyali ne kawai. Ya ce a Dorset ma akwai Pilsdon, da wani limami da matarsa suka kafa a 1958 a kan wannan gurbi. Har a fadar Lambeth, nan cikin Landan, Akbishop na lokacin, Justin Welby, ya fara tara matasa a 2015 suna zaman shekara guda a kan ƙa'ida. Mu ba mu kai ko ɗaya daga cikinsu ba. Yanzu dai gida huɗu ne a unguwa ɗaya.

Ƙa'idarmu takarda ɗaya ce a manne a jikin firji. Kowa ya yi addu'ar safe a gidansa kafin ya taɓa waya. Alhamis a ci abinci tare, duk wanda ya zo ya zauna, tara da kwata kowa ya kama gabansa. Ɗakin baƙo ɗaya ne a kowane gida, baƙo ɗaya, mako shida, kuma ranar da ya iso ake gaya masa. Ba a tambayarsa labarinsa. Yana wanke kwanoni kamar kowa. Kowane gida yana da ranar rufewa, tawa Litinin, ranar wata daga cikinmu ce ke riƙe wayar masu neman masauki. Sau biyu muka yi faɗa a kan takardar nan, sau ɗaya har 'yar Jamaikar ta yi wata biyu ba ta zo ba, a kan ko za a bar mai shan giya ya kwana. Ba mu bari ba. Har yau ba ta yarda mun yi daidai ba.

Da annobar korona ta zo a watan Maris na 2020 aka rufe coci-coci, tebur ya tashi, addu'ar dare ta koma Zoom, kuma daga Alhamis ta zama kullum. Ina asibiti a lokacin, abin da na gani ba zan rubuta shi a nan ba. Nakan jingina da bango a ɗakin canza kaya, abin ji a kunne, ina sauraron tsofaffi uku suna karanta Zabura ba a tare ba saboda intanet na jan ƙafa. Ban da bakin amsawa. Su suka riƙe mini.

Daga 2022, da aka buɗe biza ga masu aikin kula da tsofaffi, ɗakina bai ƙara zama wofi ba. Yawanci mata ne, wasu sun sayar da fili sun biya dillalai, sun iso sun tarar ba aikin da aka yi musu alkawari. Ɗaya daga cikinsu yarinya ce Musulma daga Katsina. Daren farko ta tsaya a bakin falo da ta ga kyandir, na ce, “'Yata, ba dole. Hau sama, akwai dadduma a bayan ƙofa, gabas ta wajen taga take, ki ɗan karkata dama.” Na saye ta ne tun da na ji tana zuwa. Ta yi isha'inta a sama muna tamu a ƙasa, muka haɗu a wurin wanke-wanke. Faransis ɗin nan da ake ta faɗa, a 1219 ya ƙetare sansanin yaƙi a Masar ya je wurin Sarki al-Kamil, aka sauke shi, aka sallame shi lafiya. Ni ban ƙetare komai ba, buzun Baffa na tuna.

Ba kullum abin ke ƙarewa da kyau ba. Wata ta cika mako shidanta ba ta sami wuri ba, ta koma gida na biyu ta cika, gida na uku akwai mai jinya, na huɗu akwai baƙo. Muka raka ta masaukin hukuma da akwatinta. Da dā ne da na ce ta zauna, 'yata ta koma matattakala. Mukan haɗu a kasuwar Woolwich, takan kau da kai. Ba ni da amsar da zan ba ta.

Na daɗe ina ɓoye wa Mama wannan tsari, har wata ta riga ni kai mata. Ta kira ni, shekarunta sun haura tamanin amma muryar na nan. “Ke 'yar nan, wai baƙo kike yanka wa wa'adi kamar ɗan haya?” Na ce, “Mama, ki gafarce ni, na kasa ne. Ba zan iya abin da kika yi ba.” Na ba ta labarin mota, da matattakala, da abin da jikarta ta faɗa. Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sai ta ce, “A cikin ɗakunan yaran kike sauke su? Maza ma?” Na ce ai gidajen nan ba su da wani wuri. Ta yi salati irin nata. “Ke a gidan ubanki kin taɓa ganin baƙo ya wuce zaure? Tuwon nan da kike gani, ni kaɗai nake daka? Ina Gwaggonki, ina yaran da muke riƙo, ina matar maƙwabci? Kuma wanda ya wuce kwana uku, Babanku ba ya jan sa gona?” Na ce ban lura ba. Ta ce, “Yarinya ce ke, faifai kawai kike gani.”

Ta tambayi ko muna karanta waƙar Saminu. Na ce kowace Alhamis, da Turanci. Ta ce wannan ba karatu ba ne, ta fara jero mini ita da Hausa daga ka, yadda Baba ke yi, ina rubutawa a bayan ambulan ɗin kuɗin wuta. Yanzu sau biyu muke yin ta, Turawan nan suna bi a hankali, ƙ da ɗ duk sun gagare su.

Yau Litinin. Waya na hannun 'yar Jamaika. 'Yata ta zo daga wurin aikinta, tana kicin tana ƙona mini albasa, ɗana ya ce yana hanya. Malmala biyu na firiza a naɗe cikin leda, na wadda za ta sauka gobe da jirgin safe.